Motar Da Ke Ajiye Ita Ke Cin Batir: Yadda Ake Ɗaura Mahaɗin Caji Mai Maganaɗisu

  Direbobi, makanikai, masu gyaran wayar mota, da duk wanda ya taɓa murɗa makulli da sassafe ya ji mota ta yi ɗan gurnani ta yi tsit, yau zancen naku ne. Za mu leƙa garejin masu motocin gudu na alfarma a Turai da Amurka, mu ga wata 'yar dabara da suke yi wa batir, sa'an nan mu duba abin da za mu iya ɗauka daga cikinta.

Motocin da nake nufi su ne irin su Ferrari da Porsche da Lamborghini, masu kujera biyu, masu ƙasa-ƙasa kamar za su taɓa kwalta. Ba da su ake zuwa cefane ba, ba da su ake kai yara makaranta ba. Mai irin wannan mota yawanci yana da wata ta zirga-zirgar yau da kullum, ita kuwa wannan sai ranar hutu, in gari ya yi kyau. A ƙasashen sanyi ma abin ya fi haka. Da hunturu ya kama, hukumomi kan watsa gishiri a kan tituna don ƙanƙara ta narke, gishirin nan kuwa cin ƙarfen ƙasan mota yake yi. Saboda haka sai a tura motar gareji a lulluɓe ta, wata huɗu ko biyar ba ta taka titi ba. A Jamus, tun shekarar 1997 akwai lambar mota ta lokaci-lokaci. Za ka ga a gefen lambar an rubuta 04 a sama, 10 a ƙasa, wato motar tana da izinin hawa titi daga Afrilu zuwa Oktoba kawai. A Ingila kuma mai mota kan sanar da hukuma cewa ya janye motarsa daga titi, a ɗauke masa harajin hanya har sai ya dawo da ita.

To, zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi. Wanda tsautsayin ke fara faɗa wa a jikin motar da aka ajiye shi ne batir.

Batirin mota na dalma da ruwan asid tsohon abu ne. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro shi a 1859, kuma har yau ainihin yadda yake aiki bai canza ba. Ɗakuna shida ne a cikinsa, kowanne yana ba da bolt 2.1 ko kusa da haka. In ka ɗora mita a kan cikakken batir da ya huta, za ta nuna maka kimanin bolt 12.6. In ta nuna 12.2, ya sha rabi. In ta sauko 12.0, ya kusa ƙarewa, ko da fitilun mota na kamawa. Ku lura da wannan, masu sauraro: tsakanin batir mai lafiya da wanda ke bakin mutuwa, tazarar ba ta kai bolt ɗaya ba.

Me ke shan wutar alhali an kashe mota an cire makulli? Motar zamani ba ta barci gaba ɗaya. Ƙararrawar ɓarayi na gadi, agogo na tafiya, na'urar da ke sauraron makullin rimot a kunne take, in akwai na'urar bin sawu ita ma tana aika saƙo. Duk wannan kan ja miliamfiya 20 zuwa 50 a mota mai lafiya. Bari mu yi lissafi tare. A ce motar na jan miliamfiya 40. A awa 24 ta sha kusan amfiya-awa ɗaya. Batir mai amfiya-awa 60 ke nan zai kai rabi cikin wata guda. Ga kuma wutar da batir ke zubarwa shi da kansa ko ba a haɗa shi da komai ba. Kafin wata na biyu ya cika, an wuce wurin.

Da a ce batir ƙarewa kawai yake yi, da sai a yi masa caji a wuce. Matsalar ta fi nan. Duk lokacin da batir ke ba da wuta, wani farin sinadari mai suna salfet na dalma yana taruwa a jikin farantan da ke ciki. In aka yi caji nan da nan, sai ya narke ya koma cikin ruwan. In aka bar shi makonni, sai ya daskare ya maƙale kamar ƙanzo a gindin tukunyar da aka kwana ba a jiƙa ba. Daga nan batirin ya rage ƙarfi har abada. Za a yi masa caji ya nuna ya cika, gobe da safe ya kasa juya inji. Shi ya sa motar haya da ke kan hanya kullum kan daɗe da batirinta, motar da ake lallaɓawa ana goge ta da ƙyalle kuwa ta riƙa cinye sabon batir tun bai tsufa ba.

Wasu kan ce maganin abin shi ne a riƙa tayar da motar duk mako a bar ta ta yi minti goma tana aiki a tsaye. Ni dai ban yarda da wannan ba. Tayar da inji kansa yana zuƙar wuta mai yawa, altaneta kuma ba ta cika batir cikin minti goma a tsaye. Ga shi inji bai yi zafin da zai ƙone raɓar da ke taruwa a salansa da cikin baƙin mai ba. An dai kwantar da hankali, amma ba a yi wa motar alheri ba.

Abin da ke aiki shi ne ƙaramar caja mai lura da batir. Ta bambanta da tsohuwar cajar nan mai nauyi da ke tura wuta ba tsayawa har ruwan batir ya tafasa. Ita wannan tana da ƙwaƙwalwar lantarki. Takan cika batir a hankali har wajen bolt 14.4, sa'an nan ta sauko ta riƙe shi a wajen 13.6, ko ta tsaya cak sai ta ga ya ɗan sauka ta ƙara masa. Ana iya barin ta a jone wata da watanni. Kamfanin CTEK na ƙasar Suwidin ya yi suna a wannan fanni, har manyan kamfanonin motocin alfarma da dama kan sa tambarinsu a jikin cajarsa su ba mai sayen mota. A Amurka kuma Battery Tender da NOCO sanannu ne.

Caja ta samu, saura yadda za a kai wutarta ga batir. A nan ne motar gudu ke ba mai ita wahala. Masu ƙera ta sun fi damuwa da daidaita nauyi, don haka sukan cusa batir inda ya yi musu daidai: a ƙarƙashin but, a bayan kujera, ko a ƙasan inda fasinja ke miƙe ƙafa. Ɗauki Porsche 911. Injinta a baya yake, batir a gaba, cikin ma'ajiyar kaya. A samfura da yawa nata, murfin ma'ajiyar da lantarki yake buɗewa. Batir ya mutu, murfi ya ƙi buɗewa, batirin kuma yana ƙarƙashin murfin. Sai mai mota ya durƙusa a bakin ƙofar direba, ya buɗe akwatin fis da ke wajen ƙafa, ya zaro wani ɗan jan ƙarfe da kamfani ya tanada don irin wannan rana, ya jona masa wani batir daga waje, sa'an nan murfin ya saki. Wanda ya sha wannan sau ɗaya ba ya son ya maimaita.

Ko da batir bai mutu ba, jona caja da maƙalai masu haƙora duk lokacin da aka dawo gida aiki ne. A buɗe murfi, a cire leda, a maƙala, a bar murfin a ɗan buɗe ko a matse waya a bakin roba har robar ta lalace. Mutum ya dawo a gajiye sai ya ce gobe, goben ta zama wata guda. Ga babbar ɓarnar kuma: ranar da ya jona ɗin, da safe ya manta, ya shiga ya sa ribas. Waya ta miƙe, caja ta faɗo daga bango tana bin mota, ko soket ya tsinke, ko wayar ta yage fenti.

Mahaɗi mai maganaɗisu an yi shi ne don waɗannan matsaloli biyu. Guda biyu ne. Ɗaya ɗan faifai ne da ake ɗaurawa a jikin mota dindindin, wayarsa na tafiya har batir. Ɗayan yana bakin wayar caja. Ka kusanta su, maganaɗisu ya ja su su manne da kansu, ko a cikin duhu, ko da hannu ɗaya. Ka manta ka ja mota, sai kawai ya saki ya faɗi ƙasa, babu abin da ya karye. Dabarar ba a mota ta fara ba. A Japan an daɗe ana sa irin wannan waya a tukwanen suya na lantarki, don in yaro ya yi tuntuɓe da waya kada tafasasshen mai ya kife masa. Kamfanin Apple ya kawo ta kwamfutocinsa na cinya a 2006 da sunan MagSafe. Abin da ya sa ɗan ƙaramin faifai ke iya riƙewa da ƙarfi shi ne maganaɗisun niyodimiyam, wanda aka samar a farkon shekarun 1980 a kamfanonin General Motors na Amurka da Sumitomo na Japan. A ɓangaren motoci, akwai samfurin MagCode na kamfanin Rosenberger da ke Jamus, wanda ake gani a motocin asibiti da na kashe gobara da babura. Ferrari ma a motocinta na baya-bayan nan takan sa irin wannan mahaɗi tun daga masana'anta, a baya kusa da lamba. Wanda motarsa ba ta zo da shi ba, sai ya ɗaura da kansa ko ya kai wa mai gyaran waya.

Yanzu ga aikin. Malamai masu gyaran waya, ku matso kusa da rediyo.

Kafin a taɓa sifana, a zaɓi wuri. Ana son inda hannu zai kai ba sai an kwanta a ƙasa ba, inda wayar caja za ta fita a miƙe idan mota ta motsa. In da gaba kake shiga gareji, to da baya za ka fita, don haka a duba ta wace fuska wayar za ta ja. A nisanci salansa, domin zafi na narkar da rigar waya, yana kuma rage ƙarfin maganaɗisu. A nisanci inda taya ke watso ruwa da taɓo. Shawarata ita ce kada a yi gaggawar huda bamba, balle a motar da jikinta na zaren kabon ne, wanda in ya tsage gyaransa ba na kowa ba ne. Sau da yawa ɗan ƙarfe mai lanƙwasa da aka ɗaure da kusoshin lamba ya wadatar, ko a maƙala shi a ragar gaba. Ranar da za a sayar da motar sai a kwance, babu tabo.

Sa'an nan a kashe mota, a cire makulli a sa a aljihu, a sauke gilashi ɗaya, domin wasu motocin kan kulle kansu idan aka taɓa batir. A cire zobe da agogon ƙarfe. Zoben da ya haɗa kan batir da jikin mota kan yi ja nan take, ya ƙone yatsa har ƙashi. A fara kwance kai mai alamar ɗebewa, na baƙar waya, yawanci da sifana mai lamba 10, a lanƙwasa shi gefe. Dalili kuwa shi ne duk ƙarfen jikin mota a haɗe yake da wannan kai. Muddin yana ɗaure, sifanar da ke kan jan kai in ta goga jikin mota, tartsatsi ne, batir kuma yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta. Da an kwance baƙin, wannan haɗarin ya kau. Wajen mayarwa kuma shi ne na ƙarshe.

Jar waya ta mahaɗin za ta tafi kai mai alamar tarawa, da zoben ƙarfe da aka matse da kyau, ba murɗaɗɗen bakin waya da aka cusa a ƙarƙashin noti ba. A nan ne nake so in ja hankali sosai. Dole ne a sa fis a kan wannan jar waya, kuma dab da batir, kada ya wuce tsawon taƙi ɗaya. Wannan waya tana ɗauke da wuta dare da rana, ko mota na kashe. Batirin mota na iya tura ɗaruruwan amfiya cikin ƙiftawar ido. In wayar ta goge a bakin ƙarfe bayan shekara biyu na jijjiga, ta taɓa jikin mota, babu fis, to za ta yi ja ta kama wuta a cikin gareji, watakila cikin dare mutane na barci. Fis mai amfiya 10 ko 15, gwargwadon abin da takardar mahaɗin ta faɗa da kaurin wayar, shi zai ƙone ya tsayar da abin. In aka sa fis can nesa kusa da mahaɗin, duk tsawon wayar da ke tsakaninsa da batir a buɗe yake ga haɗari. Wanda kuma ya naɗa zaren waya ko takardar sigari a gurbin fis, ya sani bai sa komai ba.

Baƙar waya kuma akwai abin lura a kanta. A motocin zamani da yawa, musamman na Jamus, za ka ga wani ɗan akwati maƙale a kan baƙin kan batir, da siririyar waya tana fita daga jikinsa. Na'ura ce mai ƙidaya wutar da ke shiga da wadda ke fita, tana gaya wa kwamfutar mota halin da batir ke ciki. In ka ɗaura wayar caja kai tsaye a kan batir, ka tsallake na'urar. Batir zai cika, kwamfuta na zaton babu komai a cikinsa, sai ta shiga kashe wasu abubuwa ko tana nuna gargaɗi. Saboda haka a ɗaura baƙar wayar a jikin mota, a kan notin da kamfani ya tanada don haka, ko wani ƙarfe mai tsabta marar fenti.

Sauran aikin na haƙuri ne. A bi da waya ta hanyar da wayoyin mota na asali suka bi, a sa ta cikin rigar roba, a ɗaure ta da igiyar roba duk bayan ɗan tazara. Inda za ta ratsa ƙarfe a sa zoben roba. Kada ta kusanci fanka ko bel ko maƙalar murfi.

Kafin a jona caja, a ɗauko mita a tabbatar ja ya tafi ga ja. A kuma gwada fuskar mahaɗin da ke jikin mota. Masu kyau, irin MagCode, fuskarsu ba ta ɗauke da wuta sai abokin haɗinta ya manne, domin akwai makunni a ciki da maganaɗisun ke ja. Na bolt 12 da na bolt 24 ma an tsara su yadda ba za su manne da juna ba. Amma akwai masu araha da fuskarsu ke da wuta kullum. Ka tuna maganaɗisu ne, duk ƙusa ko garin ƙarfe da ya gifta sai ya jawo shi. In naka irin wannan ne, murfinsa ya zama a rufe koyaushe, ka kuma riƙa share fuskar da busasshen ƙyalle kafin ka jona.

Abu na ƙarshe a wajen aikin shi ne dacewar caja da batir. Wasu motocin gudu, don rage nauyi, da batirin litiyam suke zuwa. Cajar batirin dalma, musamman mai tsarin farfaɗo da tsohon batir da ke tura wuta sama da bolt 15, tana iya lalata shi. A karanta abin da ke rubuce a jikin batir, a sayi cajar da ta dace da shi.

Wani zai ce, mu da ba mu da Ferrari ba mu da ƙanƙara, ina ruwanmu? Ruwanmu yana nan. Zafi ya fi sanyi kashe batir. Sanyi rage masa ƙarfi yake yi na ɗan lokaci, zafi kuwa yana hanzarta zubar wuta da cin farantan ciki da ƙafewar ruwa. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara kan haura digiri 40, motar da aka ajiye ta fi ta Jamus saurin rasa batir. Kuma muna da abubuwan ajiyewa da yawa: motar alhaji da ya tafi Makka, motar gida da sai da biki ko salla ake fito da ita, tarakta bayan an gama aikin damina, babban janareto mai tashi da batir. Wadda ta fi damuna ita ce motar asibiti. Takan yi kwanaki a tsaye a harabar ƙaramin asibiti, ranar da aka kawo mace mai naƙuda da tsakar dare a murɗa makulli ta ƙi tashi, a shiga neman masu turi. Ita ce motar da ta fi kowace cancantar a jona ta a caja kullum, kuma direbanta ne ya fi kowa buƙatar mahaɗin da zai saki da kansa, domin a irin wannan lokaci ba wanda zai tsaya tuna waya.

Sai dai a kula da yanayinmu. Wutar gidajenmu a Najeriya da Nijar ta bolt 220 zuwa 230 ce, irin ta Turai. Cajar da ta biyo motar da aka shigo da ita daga Amurka tana iya zama ta bolt 120 kaɗai, in ka cusa ta a soket za ta ƙone nan take, don haka a karanta bayanta tukuna. A nemi wadda in an ɗauke wuta aka dawo da ita za ta ci gaba da aiki da kanta ba sai an danna komai ba. Inda wuta ba ta samuwa, ƙaramin farantin sola mai wat 10 ko 20 zai yi aikin, amma tare da na'urarsa ta daidaita caji, kada a jona shi kai tsaye a bar shi. Batir mai murafu a riƙa duba ruwansa ana ƙara masa tataccen ruwan batir, ba na famfo ba. Garejin kuma ya zama iska na shiga. Da hunturu, ƙura kan cika fuskar mahaɗin, a riƙa gogewa.

A ganina, wanda ke hawa motarsa kullum ba ya buƙatar wannan abu, kada ya ɓata kuɗinsa. Amma duk motar da ke yin mako biyu ko fiye ba ta motsa ba, caja mai lura da batir ta fi mata sabon batir amfani, mahaɗin maganaɗisu kuma shi ke sa mai ita ya riƙa jonawa ba tare da ƙiwa ba. Masu kula da motocin asibiti da na kashe gobara, don Allah ku duba wannan magana. Ku kuma masu mota, idan mai gyara ya ce ya gama, ku ce ya nuna muku fis ɗin da idonku kafin ku biya shi.